Shekarar da Na Fiƙe Hancin Fiffike

Labari ya iso mini cewa a cikinku akwai masu gaya wa 'ya'yansu wai kakansu ya taɓa ƙera jirgin sama a bayan shagonsa na unguwar Gwadabawa a Jimeta, har ya kusa tashi da shi aka hana. Wanda ya ƙirƙiro wannan Allah ya yi masa albarka, domin ya fi ni sona. Amma tunda na ɗauki biro, kuma na kai shekarun da ƙarya ba ta ƙara wa mutum ƙiba, bari in gyara. Ban ƙera jirgi ba. Fiffike na ƙera, guda ɗaya tak, shi ma sai da na fara ɓata shi. Babu kuma wanda ya hana ni tashi, don ko a mafarki ni ƙasa nake bi.

Kun san ni kafinta ne ɗan kafinta. Makaranta na tsaya a aji huɗu, kuma har gobe ina cewa na fita ne saboda na lura malamin ya fara maimaita kansa. Abin da na rasa a allo na same shi a ido. A wancan lokacin, daga Jimeta har cikin Yola, in ka ce Sani Kafinta sai a ce maka, wanda ba a dawo masa da aiki. Sirrin kuwa ɗaya ne. Mutum zai zo mini da zane a takarda, in karɓa da hannu biyu, in ce to, madalla. Yana juya baya sai in yi abin da ya kamata a ce ya zana. Ƙafar kujera ta yi siriri, in ƙara mata kauri. Ƙofa ta yi tsawo, in rage. Ba na faɗa, su ma ba sa tambaya, kowa ya tafi yana yabon kansa. Shekara arba'in ina wannan taimako a ɓoye, har na daina jin cewa wani abu nake yi.

Sai shekarar gudun hijira ta zo, lokacin da mutanen Mubi da garuruwan da ke kewaye suka kwararo mana. Manyanku sun tuna yadda gidan nan ya cika, ana dafa tukunya uku, ana sallah sahu biyu a tsakar gida. A cikin waɗanda suka iso har da Kawunku Bakari, yayan Dadarku, wato mahaifiyarku Asabe, wanda ni da ita muke kira Hamma. Shi ya yi rayuwar aikinsa ne a jikin ƙananan jiragen nan da ake feshin tsuntsayen jan-baki da su a gonaki, yana kwance su yana ɗaurawa, har ya yi ritaya ya koma Mubi. Mutum ne mai tsabta da tsari, wanda ko goro zai fasa sai ya duba tsakiyarsa. Ranar da ya shigo mana ban gane shi ba. Babu tabarau, babu hula, ƙafafu sun kumbura, kuma shi kaɗai ne.

Abin da ya faru, kamar yadda muka tattaro shi guntu-guntu, shi ne ya fito da iyalinsa a ƙafa, ya bi da su ta hanyar duwatsu da ya sani tun yana saurayi mai farauta. A hanyar nan ya ɓata. Kwana biyu suna zagaye dutse ɗaya. A wani rafi suka haɗu da wata tawagar masu gudu, aka yi ruɗani, matarsa Adda Mairo da 'ya'yansu mata biyu suka bi waccan, shi ya bi wannan. Bayan mako uku saƙo ya zo cewa suna lafiya, sun tsallaka Kamaru, suna wani ƙauye a hannun mutanen kirki. Gida ya ɗauki guɗa. Dadarku ta ce, Hamma, sai shiri, a je a taho da su. Ya dube ta kamar ta ce ya ɗauki kogin Binuwai a buta.

"Ni ne zan je? Ni da na ɓatar da su? Kaina ya lalace, Asabe. Wanda ya manta hanyar da ya bi shekara talatin, me kuma ya rage a ciki?"

Na ce ni zan je. Aka aika, Adda Mairo ta aiko da amsa cewa ba ta ƙara bin kowa a hanya, in ba mijinta ba ne ya zo da ƙafarsa. Ita ma tana da gaskiyarta. Haka magana ta tsaya, ita can, shi nan, mu a tsakiya muna kallon juna.

Ya koma zama a gindin dalbejiyar ƙofar shagona, inda dattawan unguwa suke majalisa. Ana gardamar siyasa, ana gardamar wace shinkafa ta fi auki, shi ko uffan. Wata safiya wani ƙaramin jirgi ya taso daga filin jirgi ya bi ta kanmu a hankali, sai na ga ya ɗaga kai ya bi shi da kunne, tunda ido ba ya kai masa. Ni kuma bakina ba ya zama lafiya.

"Hamma, don Allah, tsakaninmu. Wannan abin, aljanu ne ke riƙe da shi ko turawa?"

"Doronsa ne ke riƙe da shi."

"Doro? To ai da Malam Iro mai doro ya daɗe da zuwa Makka kyauta."

Bai yi dariya ba, amma ya miƙo hannu ya zare fensir daga bayan kunnena. Ya sa na yago masa kwalin katon, ya ja miƙaƙƙen layi da sukwayata ta daidaita kusurwa, ya raba shi gida goma da tef, yana kusanto da fuskarsa har hancinsa na gogar kwalin. A kan kowane gida ya auna tsawo ya ɗiga ɗigo, yana faɗin lambobin a hankali daga kansa, kamar mai tilawa. Kusa da gaba ya ƙara ɗigo masu yawa, kusa da kusa. Da ya haɗe su sai ga wata siffa kamar kifi da aka kwantar a gefe: ƙasa a shimfiɗe, sama da doro, gaba dunƙule, baya ya tafi yana sirancewa har ya zama kamar bakin wuƙa.

Ya ce wannan shi ne fiffike in ka yanka shi kamar burodi ka dubi yankan. Daga hanci zuwa wutsiya in ka kasa ɗari, kaurinsa kashi goma sha biyu ne, ba a tsakiya ba, a wajen gida na uku daga gaba. Iskar da ta bi ta sama tana rungumar doron, ta yi sauri, ta sauka ta baya tana gangarawa ƙasa, sai sama ta yi sauƙi, ƙasa ta tura. Kana ɗaga hancin kaɗan, ɗaukar na ƙaruwa. Ka ƙara, ta ƙaru. Amma akwai inda in ka wuce, iskar za ta saki doron ta yi tafiyarta, jirgi ya zama dutse. Duk fasahar ƙaramin jirgi, in ji shi, ita ce iskar ta saki a hankali, ta fara daga wutsiya, ta ba matuƙi lokaci ya ji a hannunsa ya sauke hanci.

Ranar ya yi magana fiye da wadda ya yi a wata guda. Dadarku tana bayan labule tana ji. Da na shiga cin abinci ta ajiye mini kwano da ƙarfi.

"Malam, ka ƙera masa abin nan."

"Jirgi? A gidan nan da ko keke sai an tura?"

"Fiffiken kawai. Ka ga yau ya ci rabin kwano. Ka ƙera, ko ba zai tashi da kaza ba."

To, a nan ne ubanku ya nuna hali. Tun ranar farko hancin nan bai kwanta mini ba. Na girma a bakin Binuwai, ban taɓa ganin kwalekwale mai dunƙulallen baki ba. Gatari, wuƙa, mashi, garma, duk abin da Allah ya hore wa ratsa wani abu, bakinsa a fiƙe yake. Na faɗa masa haka, cikin ladabi.

"Fiffike ba ya yanka iska, Sani. Lallashinta yake yi."

Ya sa aka kawo tulu da buta. Ya tsiyaya ruwa a kafaɗar tulun, ruwan ya bi jikinsa ya lanƙwasa har ƙasa bai rabu da shi ba. Ya tsiyaya a gefen faranti, ruwan ya yi tsalle ya bar shi. Ya ce ka gani? Na ce na gani, Hamma, madalla. Irin madallar da nake yi wa masu kawo zanen kujera. A zuciyata na ce mutumin nan ya wahala, ga ido babu, ga tsufa, hannunsa ne ya yi rawa ya kumbura hancin. Bari in taimaka masa kamar yadda nake taimakon kowa.

Aikina shi ne in kwafi zanen kwalin a kan filawud in yanka uwa, wato abin da za a ɗora a fitar da sauran haƙarƙarin fiffiken duka iri ɗaya. Na kwafa daidai, na yanka daidai. Sannan, lokacin da ya tafi alwala, na ɗauki magagari na bi hancin sama da ƙasa. Ban ci da yawa ba, kaurin ɗan yatsa ne, na bi da sanfefa ya yi sumul. Wallahi ya yi kyau. Har yau in na tuna sai in ce a ido dai nawa ya fi. Kwalin kuma na zura shi bayan akwatin kayan aiki, inda ko gizo-gizo sai da izini yake shiga.

Da muka yanka haƙarƙari goma sha biyu muka jera su a kan dogayen katako biyu, ya bi su da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. A na uku ya tsaya. Ya koma na farko. Ya shafa hancin da babban yatsa, ya daɗe.

"Sani, hancin nan kamar ya yi siriri. Haka na zana?"

Ku saurara da kyau, domin wannan ita ce gaɓar da ta sa na rubuta babin nan. Da na ce, Hamma, na ɗan taɓa, da ya zage ni, mun sake yanka, an wuce wurin. Amma dattawa biyar na zaune suna kallo, ni kuwa Sani ne wanda ba a dawo masa da aiki.

"Haka ka zana, Hamma. Layi a kan layi."

"Ina kwalin?"

"Ai yara sun hura wuta da shi."

Ya ce to, wataƙila hannuna ne ya manta. Muka ci gaba.

Muka rufe hancin da siririn filawud, muka lulluɓe duka da farin yadi, muka ja shi ya yi tauri kamar fatar ganga, muka shafe shi da fenti har sau uku. Tsawonsa ya kai mutum biyu a kwance. Tunda babu jirgi babu inji, Hamma ya ce za mu gwada shi a kan mota. Ya zana firam na ƙarfe, mai walda ya haɗa, aka ɗaura a kan akori-kurar Sale Direba, maƙwabcinmu mai ɗaukar mini katako. Firam ɗin yana da hannu mai motsi sama da ƙasa, aka ɗaure shi da sikelin rataye da muka aro wurin mahauta, don a ga ƙarfin da fiffiken ke ja sama. A gefe kuma akwai ƙarfe mai huda shida. Duk hudar da ka matsar da ƙusa, hancin ya ƙara ɗagawa. Sai ya roƙi Dadarku jan zaren saƙa, ya yayyanka guntu-guntu, muka manna su layi-layi a bisa doron, don zaren ya nuna mana abin da iska ke yi tunda ita ba ta ganuwa.

Ana gobe gwaji, bayan la'asar, ya kira ni da Dadarku ya faɗi magana ɗaya.

"Daga huda ta ɗaya zuwa ta huɗu, zare zai kwanta, sikeli ya yi ta hawa. A ta biyar na wutsiya za su fara rawa. A ta shida rawar ta kai rabin doro, sikeli ya tsaya. Lambobin nan daga kaina suka fito, babu littafi. In haka ta faru, to akwai sauran abu a cikin kan nan, zan je in taho da Mairo. In ba haka ba, kada wanda ya ƙara yi mini maganar tafiya."

Dadarku ta ce Allah ya sa, ta dube ni tana murna. Ni ma na yi murna, ku ji rashin hankali, don na tabbata da gyaran da na yi har huda ta bakwai zai kai in da akwai.

Da gari ya waye, dokar hana fita ta ɗaga, muka kama hanyar Numan tun iska ba ta tashi ba. A shingen bincike wani soja ya zagaya motar sau biyu yana kallon abin.

"Baba, wannan mene ne?"

"Rumfa ce, ranka ya daɗe."

"Rumfa da gashi ja?"

"Ta amarya ce."

Hamma ya daka mini harara, ya sauko ya yi wa sojan bayani tiryan-tiryan, ya nuna masa tsohon katin aikinsa da ya tsira a aljihu. Sojan ya duba ƙarƙashi, ya ga katako ne da yadi, ya ce mu je amma kada mu tashi.

Muka sami miƙaƙƙiyar hanya babu kowa. Ni da Hamma muka tsaya a bayan motar muna riƙe da ƙarfe, ni idonsa ne, ina faɗa masa abin da zare da sikeli ke yi. Sale ya riƙe gudu ɗaya kamar yadda aka umarce shi. Huda ta ɗaya, zare ya kwanta luf kamar an shafa masa mai, allurar sikeli ta motsa. Muka tsaya, muka matsar da ƙusa. Huda ta biyu, allura ta ƙara hawa, na ji Hamma yana cewa yawwa, yawwa, ƙasa-ƙasa. Huda ta uku, muna kaiwa gudu, ban ga wata rawa daga wutsiya ba. Gaba ɗaya zaren, tun daga hanci, ya miƙe tsaye lokaci guda, wasu suka juyo suna nuna gaba. Allura ta faɗo. Fiffiken ya hau kakkarwa yana dukan firam har Sale ya taka birki ya leƙo.

"Lafiya? Ko ya tashi ne?"

Hamma ya ce in faɗa masa abin da na gani. Na faɗa. Ya ce daga hanci? Na ce daga hanci. Ya ce a ta uku? Na ce a ta uku. Ya sa aka sake, aka sami abu ɗaya. Sai ya zauna a kan tayar ajiya da ke bayan motar, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Da mutum ne a ciki, yana zuwa sauka, da na kashe shi. Sale, mai da ni gida."

Kwana huɗu bai fito gindin dalbejiya ba. Ni kuwa na shiga aikin da babu wanda ya sa ni, ina gyara ƙofofin da lafiyarsu ƙalau. Na yi ta gaya wa kaina cewa wataƙila ba hancin ba ne, wataƙila fentin ne, ko gudun Sale, ko dai da ma lambobin nasa da gyara. Mutum in yana neman mafaka ko inuwar tsintsiya ta ishe shi. A rana ta huɗu Dadarku ta same ni a shago, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon hannuna.

"Malam, gadon da na ce ka yi mini kamu huɗu, nawa ka yi?"

"Biyar. Ai kin ji daɗinsa."

"Kabad ɗin Goggo da ta ce ƙofa biyu?"

"Uku ya fi kyau."

"Zanen Hamma fa?"

Na ce mata sanfefa ta ƙare, zan je kasuwa. Ta tare ƙofar.

"Ba ni zan faɗa masa ba. Amma ka sani, mata uku suna zaune a ƙasar mutane saboda kai ka fi kowa ido."

Ta tafi. Ban taɓa jin shagon nan ya yi mini ƙanƙanta ba sai ranar.

Washegari da hantsi na roƙe shi ya fito, na ce akwai abin da zan nuna masa. Na so in yi a ɗaki, mu biyu, amma na ga a gaban mutane na yi ƙaryar, to a gabansu ya kamata a kwance ta. Majalisa ta cika. Na ja akwatin kayan aiki, na zaro kwalin da yara suka hura wuta da shi, lafiyarsa lau. Na ɗora uwar filawud a kansa, wutsiya a kan wutsiya. Ko'ina layi ya hau layi, sai a hanci, inda layin fensirinsa ya fito waje ya zagaya, ya bar fili sama da ƙasa. Na kama yatsansa na ɗora a wurin.

"Zanenka ke nan, Hamma. Wannan kuma aikina ne. Ni na ci shi da magagari."

Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa kwalin, ya bi layin da yatsa, ya sake bi.

"Na tambaye ka, Sani."

"Ka tambaye ni."

"Hannuna ya gaya mini gaskiya, kai ka ce masa ƙarya yake."

"Haka ne."

Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi a kawo sabon filawud.

Zan gaya muku kuɗin da na biya, ba na aljihu ba. Kafin azahar labari ya kai har unguwar Damilu. Mutanen da na yi wa aiki shekaru ashirin baya suka fara zuwa da tef suna auna ƙofofinsu. Sunan nan da nake taƙama da shi ya mutu a ranar, dattawan majalisa suka raɗa mini Sani Gyara-Zane, da shi kuka taso kuna jin ana kirana ba ku san mafari ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne Hamma ya yafe mini da baki, na kuma yarda har zuciya, amma har Allah ya karɓi ransa, in na ce masa ana ruwa a waje sai ya miƙa hannu ta taga. Kwanakin baya jikata Hauwa, mai karatun injiniya, ta nuna mini a waya hoton fiffike da iska mai launi-launi tana bi ta kansa, ta fara yi mini bayanin amfanin dunƙulallen hanci. Na ce mata, 'yar nan, wannan darasin na biya shi da tsada tun kina firamare.

Mako biyu muka yi muna sake aikin. Wannan karon shi ya riƙe uwar, ni ina yanka, kowane haƙarƙari sai ya ɗora a kan kwali ya shafa kafin ya ce wuce. Magagari kuwa a aljihunsa yake kwana. Ba ya yi mini magana sai ta aiki: miƙo, riƙe, saki, ba haka ba. Ni da nake da masu koyo a ƙarƙashina tun kafin a haifi wasunku, na koma mai riƙe ƙusa, kuma ban ce uffan ba, abin da Dadarku ta ce shi ne mu'ujizar shekarar.

Muka koma hanyar Numan, safiya irin waccan, Sale na gaba yana addu'a a bayyane. Huda ta ɗaya, ta biyu, lafiya. Muka sa ƙusa a ta uku. Mota ta kai gudu, zare ya kwanta, allura ta hau. Na faɗa masa da ihu. Ta huɗu, zare na kwance, allura ta wuce inda ba ta taɓa zuwa ba, igiyar sikeli ta miƙe kamar tsirkiya. A ta biyar na zuba wa layin baya ido. Zare ɗaya ya karkaɗa, sai na kusa da shi, sai layin wutsiya duka ya ɗauki rawa a hankali, na gaba kuwa ko motsi.

"Hamma! Na wutsiya suna rawa! Na wutsiya kaɗai!"

"Kai dai ba a yarda da bakinka. Riƙe ni."

Na riƙe shi ta ɗamara, ya miƙa jiki a cikin iskar nan, tsoho da shi, ya kai fuskarsa dab da yadin ya gani da ragowar idonsa. Muka yi ta shida, rawa ta hau zuwa rabin doro ta tsaya nan, allura ta tsaya cak ba ta faɗo ba. Ya buga rufin motar, Sale ya tsaya a gefen hanya. Hamma ya sauko, ya tsaya yana kallon gonaki, ya share fuska da hannun riga. Iska ce, in ji shi, ta shiga masa ido. Ba mu yi gardama ba.

Da muka shigo gari Sale ya sa sigina zai karya kwanar gida.

"Miƙe, Sale. Tashar motocin bakin iyaka."

"Hamma, yanzu? Ko jaka babu, ko sallama da Asabe?"

"Asabe ta san inda za ni. In na shiga gida za a ce in ci abinci, in na ci a ce rana ta yi."

Haka muka ratsa tsakiyar Jimeta da fiffike a ka, jan zare na kaɗawa, masu Keke Napep suna yi mana hon, 'yan kasuwa suna fitowa kallo. A tasha na cire hulata na ɗora masa, na tura masa abin da ke aljihuna, ya karɓa bai duba ba. Ya tambayi direban ta wace hanya zai bi, direban ya faɗa, Hamma ya lissafo masa garuruwan da ke kan hanyar ɗaya bayan ɗaya har bakin iyaka, bai tsallake ko guda ba. Ya shiga ya zauna a gefen taga. Na tsaya ina jiran ko zai ce mini wani abu mai daɗi, irin wanda ake faɗa a rabuwa. Mota ta tashi, ta fara mirginawa, sai ya leƙo da kai.

"Sani!"

"Na'am, Hamma!"

"Kada ka gyara komai kafin in dawo."